Hambali da Harsashi Mai Lamba Ɗari Biyar

Duk wanda ya taɓa cin tuwon Hajiya Zaituna ranar Juma'a a unguwar Al Aziziya, cikin Doha ta ƙasar Qatar, ya san Hambali, ko yana so ko ba ya so. Shi ne mai zama a gindin fanka, ya harɗe ƙafa, ya buɗe zance tun ba a kawo ruwan wanke hannu ba. Direba ne a gidan wani dattijon Balarabe, Abu Jasim, can Al Rayyan. Aikinsa kai yara makaranta, kai uwargida kanti, da zaman jira a mota har ƙafa ta yi tsami. Amma in ka saurare shi, sai ka rantse namun dajin Najeriya ba su samu barci ba sai ranar da ya hau jirgi ya bar musu ƙasar.

Gaskiya ɗaya ce tal a cikin zancen nasa: ɗan maharba ne. Mahaifinsa, Allah ya ji ƙansa, maharbi ne na ji da gani a wani ƙauye bayan Ningi. Sai dai bindigar tsohon, irin ta gargajiyar nan da ake ɗura wa albarushi ta baki, wadda ake kira harba-ka-ruga, yayansa Muttaka ne ya gaje ta. Shi Hambali suna ya gada. Tun yana ƙarami, da ya ga Baba ya ɗauko bindiga sai ya cusa yatsu a kunne ya zura bayan rumbu, har aka laƙaba masa Toshe-kunne. Sunan ya bi shi har ya yi gemu. Ko kuɗi ya tura gida, saƙon godiyar da zai dawo shi ne, “Allah ya yi wa Toshe-kunne albarka.” Abin nan yana ci masa rai ƙwarai. Burinsa a duniya bai wuce 'yan gidansu su gan shi da idonsu ya harba bindiga ba, Yaya Muttaka ya janye sunan nan da bakinsa.

To shi Abu Jasim mayen farauta ne. Duk shekara sai ya je Tanzaniya harbin ɓauna, kuma a majalis ɗinsa, wato falon baƙi, akwai wata kanta da ya jera kwanson harsasan da ya taɓa harbawa, kowane da tarihinsa. Hambali yakan tsinci bayani yana zuba wa baƙi gahawa. Rabi yake ji, ragowar rabin ya ƙera da kansa a hanyar zuwa gidan Hajiya.

“Ku fa ba ku san harsashi ba,” in ji shi wata Juma'a, yana nuna jama'a da lomar tuwo. “Ku a wurinku duk ɗaya ne, kamar ƙwayar masara. To kowane da lambarsa. Akwai 375, akwai 416, akwai 458, sannan ga babban yaya, ɗari biyar.”

Suraj, mai gadi ne a Abu Hamour, ɗakinsu ɗaya da Hambali, ya kuma san shi ciki da waje. Ya ce, “Ita lambar ta mece ce?”

“Nisan da yake ci mana.”

“Wancan makon ka ce nauyin dabbar da yake kayarwa ne.”

“Duk biyun ne. Kai Suraj matsalarka ke nan, ba ka bari a kai ƙarshen karatu.”

Alhali kaurin harsashin kawai lambar take nufi. An faɗa a gabansa, amma lokacin hankalinsa yana kan farantin dabino.

Ya ci gaba. “Shi 375 na 'yan koyo ne, da mata, da likitoci. Yana cin nisa, ban hana shi ba, amma shurinsa kamar na ɗan akuya. Turawa na son sa saboda suna tausayin kafaɗarsu. 416 ya fara zama magana. 458 kuwa aikin kusa ne, sai ɓauna ta matso har kana jin warin bakinta. Amma ni in ba ɗari biyar ba, wallahi ban ga abin ɓata lokacina ba.”

Hajiya Zaituna ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. “Hambali, ba kai ne ka haye kujera ranar da kyankyaso ya gifta nan ba?”

“Hajiya, gudun alhaki ne. Ranar Juma'a ce, ban so in taka shi.”

Aka kwashe da dariya, shi kuwa ya ƙara gyara zama. “Kai, har shi maigidan nawa tausayi yake ba ni. Wai in ya je wurin wani abokinsa a Afirka ta Kudu, da hannu suke ɗura harsashinsu, ba sa yarda da na kamfani. Wannan ya yi daidai. Amma sai ka ga sun ɗauko ma'auni kamar masu sayar da gwal, suna auna albarushi ƙwaya-ƙwaya. Mu a gidanmu tafin hannu ne ma'auni!”

“To ka nuna mana,” in ji Suraj.

“Juma'a mai zuwa. Kowa ya zo da wanda bai yarda ba.”

Juma'a ta zo, ɗaki ya cika har bakin ƙofa. Hambali ya zaro abu daga aljihu ya dangwarar a tsakiyar tabarma: kwanso ne na tagulla, tsawonsa ya fi yatsa. Aro ya yi daga kantar maigida, irin aron da mai abu bai sani ba. Kuma bai tashi ɗauka ba sai na ɗari biyar, wanda Abu Jasim ya kayar da ɓaunarsa ta farko da shi.

Albarushi kam babu. A Doha ko a mafarki ka gan shi gara ka farka ka yi shiru da bakinka. Don haka Hambali ya jawo gwangwanin yajin Hajiya, wanda ake ɗiba da tsinken cokali saboda zafinsa, ya ce a ɗauka shi ne albarushin. Ƙwallon dabino kuma shi ne dalmar kan harsashin.

Ya zazzaga yaji a tafin hannu har ya yi tozo. Ya ɗura rabi a kwanson, ya danna da gindin cokali, ya ƙara dannawa, ya toshe da ƙwallon dabino, ya karɓi muciyar Hajiya ya buga masa sau biyu.

“Ragowar fa?” wani ya tambaya, yana nuna tulin da ya saura a hannunsa.

“Yawwa, ka yi tambayar masu hankali. Baba hure shi yake yi, don kada iska ta ji an yi mata rowa.”

Ya cika kumatu ya hura. Daidai lokacin fankar nan mai juyawa ta waiwayo.

Abin da ya biyo baya ba ya faɗuwa. Manya-manyan mutane masu iyali suka dinga atishawa suna karo da juna a bakin ƙofa. Wani ya taka miyar kuka ya tafi da santsi. Wani dattijo da ya zo cin tuwo kawai, bai san ma ana gardama ba, ya fita da takalmin wani yana salati. Suraj yana hawaye yana cewa, “Lallai ya kashe! Ɗari biyar ya kashe!” Hajiya ta ƙwace muciyarta ta biyo Hambali har titi, tana faɗin in ya sake taɓa mata yaji sai ta ɗura masa shi ta hanci.

A hanya ya ciro ƙwallon dabinon da haƙori, ya kakkaɓe kwanson, ya mayar kan kanta ya sauke ajiyar zuciya. Bai san dannawar da ya yi ta yi kyau fiye da kima ba. Yajin yana nan daskare a ƙasa.

Shi kuwa Abu Jasim yana da wata al'ada. In yana ba baƙi labarin ɓaunar nan, da ya kai wurin da ta sunkuyar da kai ta taso masa, sai ya ɗauko kwanson ya kai hanci, ya ja numfashi mai tsawo, ya ce har yau yana jin ƙamshin ranar. Bayan kwana biyu baƙi suka zo. Hambali na tsaye da butar gahawa, yana kallon hannun dattijon yana tafiya kan kanta.

Atishawar farko ta tsige masa ƙyallen kai. Ta biyu ta zaunar da shi. Baƙi suka miƙe, ana kawo ruwa, ana bubbuga masa baya. Da ya samu kansa, ido jawur, tambaya ɗaya ya yi: wa ya taɓa kwanson nan?

Wani mai hankali da sai ya ba da haƙuri. Hambali ya ajiye buta, ya tattaro gutsattsarin Larabcinsa, ya haɗa da hannu da ka. Ya ce shi ne. Ya ce al'adar maharban ƙasarsu ce: duk kwanson da ya kashe ɓauna sai an sa masa yaji, in ba haka ba kurwarta takan biyo maharbi har gida. Ya ga an yi sakaci shekara da shekaru, shi ya sa ya taimaka.

Abu Jasim ya share hawaye ya dube shi sama da ƙasa.

“Kai maharbi ne?”

“Ɗan maharbi, jikan maharbi, ranka ya daɗe.”

“Duk zaman nan kana tuƙa ni ba ka taɓa faɗa ba? Asabar za mu filin harbi, bindigogina suna can. Ka zo da abokanka su gani. Khalas, magana ta ƙare!”

Daga nan Hambali bai ƙara jin daɗin abinci ba. Ya ce wa Suraj haƙori na damunsa. Suraj ya ce ai ba da haƙori ake harbi ba. Ya ce yana jin kamar za a yi guguwar rairayi ranar Asabar. Suraj ya ce ya riga ya gaya wa kowa, har an samo bas, Hajiya ma ta ce ko a kan rufi sai ta je.

Da ya ga ba mafita, sai ya rufe ɗaki ya ɗauki sandar mofa yana gwaji. A nan wani abu ya faɗo masa a rai. Ashe akwai darasi ɗaya na gaske da ya sani. Daga bayan rumbu, ta tsakanin yatsunsa, ya sha jin Baba yana yi wa Muttaka faɗa: “Kada ka kuskura ka manna bindiga a jikinka. Miƙa hannu, ka nesanta ta, ka kau da fuska. In ma za ta fashe, ta fashe can.” Kuma gaskiyar Baba ce, don harba-ka-ruga ƙirar maƙerin ƙauye ce, ranar da ta ga dama ta baya take fitowa.

Nan da nan zuciyarsa ta dawo. Ashe ma yana da sirrin da Larabawa ba su da shi! Ya ɗauki waya ya tura murya a guruf ɗin gidansu: “Ranar Asabar kowa ya zauna kusa da waya. Yaya Muttaka, ka tara mutane. Ba zan ce komai ba.”

Filin harbin yana can bayan gari, fili fetal, da doguwar rumfar kwano, da tudun rairayi a ƙarshe. A jikin tudun an kafa hoton ɓauna, baƙa ƙirin, ta zuba wa Hambali ido kamar ta san shi. An shimfiɗa darduma a baya, ga gahawa ga dabino, jama'ar Hajiya sun jeru. Mai kula da wurin wani dogon Bature ne da rana ta gasa har ya yi ja. Ya dubi Hambali, ya dubi siraran hannayensa, ya ɗauko bindiga mai cin 375 ya ce a fara da wannan.

Wallahi zuciyar Hambali ta yi na'am. Har ya miƙa hannu, sai muryar Suraj ta taso daga baya.

“A'a, Bature, ka raina mana shi! Wannan ai na 'yan koyo ne, da mata, da likitoci.”

“To a miƙo min nan,” in ji Hajiya.

Hambali ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi. Bature ya nuna 416. Wani ya ce wannan ai fara magana kawai ya yi. Ya nuna 458. Suraj ya ce ɓaunar ta yi nisa, ba a jin warin bakinta. Duk kalmar da Hambali ya taɓa furtawa a gindin fanka sai da aka dawo masa da ita, ba a rage ko ɗaya ba.

Ya ce, “Ɗari biyar.” Muryar ta fito 'yar siririya, sai ya yi tari ya maimaita.

Abu Jasim ya tafa hannu don murna. “Yalla, mu je zuwa! Ni kaina sai na yi shiri nake taɓa ta.”

Aka kawo ta, mai baki biyu, nauyinta kamar turmi. Hambali ya miƙa wa Suraj wayarsa. “Ka ɗauke ni tun daga farko. Da ka ji ƙara, ka tura guruf ɗin gida. Kada ka tsaya tambayata.”

“Ko me ya faru?”

“Me zai faru? Ka tura kawai.”

Sai Bature ya zo da wani abu mai kama da ƙoƙo biyu haɗe da baka, zai kifa masa a kunnuwa. Hambali ya yi tsalle gefe. Duk duniya a rasa abin da za a sa masa a gaban kyamara sai abin toshe kunne? Ya ce shi kunnensa a cikin ƙarar bindiga ya girma. Bature ya ce doka ce, in babu wannan babu harbi. Hambali ya so ya kama wannan ƙofa ya fice, amma ya waiwaya ya ga idon Hajiya. Ya sunkuyar da kai aka kifa masa. Duniya ta yi shiru.

Bature ya gyara masa tsayuwa, ya tura gindin bindigar cikin kafaɗarsa ya danna sosai, ya kwantar masa da kumatu a jikin katakon, ya nuna masa da hannu cewa ya riƙe ta gam, don irin wannan bindiga in ka ba ta fili sai ta yi gudu kafin ta same ka. Sannan ya ja da baya.

Hambali ya ji ƙarfe a manne da ƙashinsa, fuskarsa a kan wuta. Ya ce a ransa, wannan Baturen ko dai jahili ne ko kuma kashe ni yake son yi. Allah ya ji ƙan Baba. Ya miƙe hannuwa, ya nesanta bindigar da kamar taƙi guda, ya kau da fuska, ya runtse ido.

Bature ya ƙwalla ihu. Abu Jasim ya miƙe yana “La! La!”, wato a'a. Hambali bai ji ko ɗaya ba, an toshe masa kunne da kyau. Ya yi bisimilla ya ja kunamar bindigar.

Waɗanda suka gani sun kasu biyu. Wasu sun ce ƙafarsa ta bar ƙasa, wasu sun ce da dugadugai ya tafi. Abin da aka haɗu a kai shi ne, takalmansa sun tsaya a inda ya tsaya, shi kuma an same shi a kan darduma, rigingine cikin farantin dabino, butar gahawa tana juyi a gefensa. Bindigar kuwa Bature ya cafe ta a sama kamar mai karɓar jariri.

Da Hambali ya buɗe ido, sai ya ga wani haske zagayayye yana sauko masa daga sama, daidai goshinsa. Ya fara kalmar shahada.

Suraj ya sunkuyo ya cire masa abin kunnen. “Ƙarasa dai, tana da kyau. Amma rana ce. Rufin rumfar mutane ka huda.”

“Ɓaunar fa?”

“Tana gaishe ka.”

Hambali ya yunƙura, kafaɗa ta ce ba ta san zancen ba. Sai kuma ya tuna. “Suraj… ka tura?”

“Tun kana sama.”

Allah ya taƙaita, ƙashi bai karye ba, sai dai kafaɗar ta kumbura ta yi shuɗi har wuya. Abu Jasim ya yi dariya har sai da aka riƙe shi, ya ce tun da yake biyan kuɗi yana zuwa Tanzaniya bai taɓa ganin abin da ya kai wannan ba. Shi da kansa ya tuƙa Hambali zuwa asibiti. Ranar ce aka fara ganin kafil, wato ubangida, a gaba, direba a baya yana nishi.

Saƙon Yaya Muttaka ya iso tun suna hanya, amma Hambali ya ƙi buɗewa har Juma'a. Yana zaune a gindin fanka, hannu rataye a wuya, yana cin tuwo da cokali a hagu, Hajiya ta zare wayar daga aljihunsa ta danna.

Muryar Muttaka ta fito a nutse, ana jiyo shewar mata a bayansa. “Hambali, mun gani. Har mutanen ƙauyen gaba sun zo sun gani. To ni zan faɗi gaskiya. Riƙon nan na Baba ne sak, har kau da fuskar. Sai da na yi ƙwalla. Kuma na duba da kyau, na sake dubawa: ba ka gudu ba. Bindiga ce ta kai ka baya, ba ƙafarka ba.”

Hambali ya ajiye cokali. Idonsa ya ciko da gaske. Ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, ƙirji na tasowa.

“Har na tara yara zan hana su sunan nan,” muryar ta ci gaba, “sai Inna ta ce a tsayar da hoton, a matso da shi. Ta ce mene ne wancan a kanka? Muka duba. Kai, Hambali! Da da yatsa kake yi, yanzu Allah ya buɗa maka har na'ura ka samu. Don haka mun yi shawara, ba za a ƙara ce maka Toshe-kunne gatsau ba, girma ya zo. Daga yau Alhaji Toshe-kunne.”

Ɗakin ya kece. Suraj ya kwanta a tabarma yana dukan ƙasa. Sunan da Hambali ya tsallake teku don ya guje masa, ga shi ya sauka Doha da ƙarin rawani, kuma da wayarsa aka yi masa biza.

Ya jira har dariyar ta lafa. Ya share ido da bayan hannun hagu, ya gyara zama, ya harɗe ƙafa.

“Kun dai ji da kunnenku, ban gudu ba,” in ji shi. “Kuma in gaya muku gaskiya, laifin harsashin ne. Na kamfani ne, sun cika masa albarushi ba lissafi. Da ni na ɗura shi da hannuna…”

Hajiya Zaituna ta miƙo hannu ta ɗauke gwangwanin yaji daga gabansa, ta kashe fanka.